Cinikin Biri a Sama

Bayan an sallame sallar Juma'a, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, sai wani dattijo daga cikin 'yan uwanmu mazauna wannan gari na arewacin Ingila ya dafa kafaɗata. Mutum ne da nake ganin girmansa ƙwarai, don shi ya fara nuna mini inda ake sayar da naman halal a makon da na sauka ƙasar. Ya ja ni gefe, ya sassauta murya kamar mai shirin yi mini ta'aziyya, ya ce, "Malam, an ce an gan ka ka shiga gidan karta da yaron nan. Kai da hankalinka? Mu muna fama mu raba su da sharrin ƙasar nan, kai kuma da hannunka kake kai shi caca?"

Na ce, "Alhaji, ai ba gidan caca ba ne."

Ya ce, "Akwai kati?" Na ce akwai. "Ana biyan kuɗi?" Na ce ana biya. "Wani ya ci, wani ya faɗi?" Na ce haka ne. Sai ya buɗe tafukan hannunsa biyu, ya karkatar da kai, wato shari'a ta ƙare.

Ban ja da shi a ƙofar masallaci ba, don ba haka aka rene mu ba. Amma maganar ta kwana mini a maƙogwaro, kuma wannan rubutu shi ne amsar da na haɗiye ranar. Alhaji ya ji warin caca, hancinsa kuwa bai yi masa ƙarya ba. Yatsansa ne ya kuskure. Ya nuna teburin da yara ke wasa a kai, alhali abin da ke warin yana rataye a bayan kanta cikin leda mai ƙyalli, kuma waɗanda suka rataye shi kamfanoni ne masu juya biliyoyin daloli, waɗanda babu wanda ke tare su a bakin ƙofa ya ce musu kai da hankalinka.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan karta ta bambanta da Whot ɗin da muke bugawa a ƙofar gida, inda dami ɗaya ne ake cakuɗawa a raba wa kowa. A nan kowa da daminsa yake zuwa, wanda shi ya zauna ya zaɓi katunansa ɗaya bayan ɗaya daga cikin dubbai. Wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiri irin wannan wasa, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993 da sunan Magic: The Gathering. A 1996 Japan ta fito da katunan Pokémon, a 1999 Konami ta biyo da Yu-Gi-Oh. Su ukun nan ne manyan giwaye har yau. Kuma duk da intanet, ran wasan yana cikin ƙananan shaguna na unguwa, inda ake tura kwalaye gefe a jera tebura, daren Juma'a ga masu Magic, Asabar da safe ga masu Pokémon a shagon da muke zuwa.

Yarona na fari ne ya ja ni. Shekarunsa 12, kuma shekara biyu da zuwanmu ƙasar ba shi da abokin da ya taɓa zuwa gidanmu. Ya dawo makaranta, ya shige ɗaki, ya rungumi waya. Duk uban da ke renon ɗa a ƙasar da ba a zaman ƙofar gida, ba a dandali, ƙarfe 4 na yamma a lokacin sanyi duhu ya rufa, ya san tsoron da nake nufi.

To me ake yi a teburin? Kowa na da kati 60, ba ƙari ba ragi, kuma in ban da katunan makamashi na yau da kullum ba a yarda kati mai suna ɗaya ya wuce 4 a dami ba. Ku gaisa, ka cakuɗa naka, ka miƙa wa abokin karawarka ya yanka, shi ma ya miƙo maka nasa. Ka ɗebi 7 a hannu. Sannan ka zare 6 daga saman daminka ka kife su gefe ba tare da ka duba ba. Su ne ake kira lada. Duk lokacin da ka kayar da dabbar abokin wasanka sai ka ɗauki ɗaya ko fiye, wanda ya riga kwashe nasa shida ya ci. A lura da kyau, Alhaji: ladar nan daga daminka ta fito, hannunka za ta koma. Babu mai tafiya gida da katin wani.

A nan ne na fara girmama wasan. Tunda katuna 6 sun kife ba ka san ko waɗanne ne ba, a karo na farko da doka ta ba ka damar leƙa daminka dole ka ƙirga a ka, cikin 'yan daƙiƙu, ka gano me ya ɓata. Kana da kaza guda 4, ka ga 2 a dami, 1 a hannu, to 1 yana cikin kifaffun. Kana da wancan guda ɗaya tak kuma ba ka gan shi ba, to dabarar da ka kwana kana shiryawa ta rushe, sai ka sake wata nan take, fuskarka ba ta nuna ba. Na ga yaron da malamin lissafi ya ce ba ya mai da hankali yana yin wannan, leɓɓansa na motsi kamar mai tilawa. Makamashi ɗaya kawai ake ɗora wa dabba daga hannu a kowane juyi, saboda haka in ka ɗora shi inda bai dace ba, juyi uku nan gaba za ka biya bashin. Akwai sa'a, ba na musu. Wani lokaci hannun farko ya zo maka a banza, ka sha kashi ba laifinka. Amma ka je shagon nan Asabar goma a jere, za ka tarar fuskoki uku ko huɗu ne ke juyawa a saman jadawali. Sa'a ba ta da irin wannan biyayya.

Tsarin gasar ma abin a duba ne. Ba a korar wanda aka cinye. Zagaye huɗu ko biyar ne, kowane minti 30, bayan kowanne sai a haɗa waɗanda suka ci da waɗanda suka ci, waɗanda suka faɗi da 'yan uwansu. Kafin azahar kowa ya sami sa'ansa. Ranar farko yarona ya sha kashi sau huɗu. A wasan ƙarshe wata mata mai furfura, wadda jikarta ta koya mata wasan, ta lallasa shi, sannan ta ce ya baje daminsa a tebur, ta nuna masa katuna biyar da ba su da aikin yi a ciki, ta buɗe jakarta ta ba shi madadinsu kyauta. Ya miƙa mata hannu kamar yadda ya ga ana yi, idonsa ya cika da ƙwalla amma bai bari ta zubo ba. A mota ya ce, "Baba, mako mai zuwa ƙarfe nawa za mu fito?" Ina so a nuna mini wani wuri a garin nan da yaro baƙar fata ɗan shekara 12 zai zauna da tsohuwa Baturiya, da direban bas, da ɗalibin likitanci, a bi doka ɗaya, a kayar da shi ya yi godiya.

Masu wasan ma sun daɗe da sanin inda iyakar take. Dokokin Magic na farko a 1993 sun ƙunshi caca ƙarara: kafin a fara kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Mutane suka ƙi abin, aka ji tsoron dokokin caca, bayan 1995 ba a sake buga katin da ya dogara da wannan doka ba, kuma duk irinsu haramun ne a gasa. Yau in alƙalin wasa ya kama ka kana sa kuɗi a kan sakamakon wasa, ko kana saye nasara daga abokin karawarka, hukunci ne zai hau kanka. Shekara talatin ke nan da korar caca daga tebur.

Sai ta zagaya ta koma bayan kanta.

Ta yaya ake samun katunan? Kamfani ba ya ce maka ga katin da kake so, ga farashinsa. Leda yake sayar maka a rufe, kati 10 ko sama da haka a ciki, a kan fam 4 da ɗoriya. Ba ka san me ke ciki ba. Yawancin lokaci abin da za ka samu bai kai rabin kuɗinka ba in ka je sayarwa. Jefi-jefi sai a sami katin da ya ninka kuɗin ledar sau hamsin, sau ɗari. Ka biya kuɗi tabbas, ka karɓi abin da ba tabbas, da fatan ka dace. Hausawa suna da suna ga wannan tun kafin a haifi kakan Garfield: cinikin biri a sama. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin cikin dabba, saboda garari. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ba na buƙatar rawani kafin in gane kifi a ruwa idan an naɗe shi a leda. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da ta bayar. Da Alhaji ya san da wannan da ya buga mini shi a ƙofar masallaci, kuma a kan ledar da ban sami bakin kare kaina ba.

Kamfanonin suna da amsa, kuma amsar ce ta fi ba ni haushi. Sukan ce mun yi alkawarin kati kaza a leda, mun cika. A wurinmu duk kwali ne. Farashin da kuke sa wa junanku a kasuwa ba ruwanmu. Kwali ne duka? To wa ya yanke cewa wannan kwalin za a buga shi tuli, wancan kuwa sai an yage ɗaruruwan ledoji kafin a gan shi? A 2008 Wizards ta duba ta ga katunanta masu wuyar samu ba su yi wuya yadda take so ba, ta ƙirƙiri wani mataki sama da su. A 2023 ta cire kunya gaba ɗaya: cikin jerin katunan da ta yi kan labarin The Lord of the Rings ta buga wani kati na zobe guda ɗaya tak a duniya, ta jefa shi cikin wata leda, ta yi shela. Tun kafin a gano shi dillalai suka sa ladar dala miliyan 1. Wani ma'aikacin kanti a yankin Toronto ta Kanada ya dace da shi, mawaƙin nan Post Malone ya saye shi a kan abin da rahotanni suka ce dala miliyan 2 ne. Tikiti ɗaya mai ci, miliyoyin masu saye. In wannan ba reful ba ne, a gaya mini sunansa.

Shekara guda kafin nan, don bikin cikar wasan shekara 30, kamfanin ya sayar da leda 4, kati 60, a kan dala 999. Katunan ba a ma yarda a buga su a gasa ba, kuma duk da wannan kuɗi ba ka san waɗanne za ka samu ba. Wannan kamfani tun 1999 mallakar Hasbro ne, masu yin kayan wasan yara.

Abin mamaki, da wannan dabara ta shiga wasannin kwamfuta sai wasu gwamnatoci suka farka. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar, har kamfanin da ke yin wasan ƙwallon FIFA ya daina sayar da makin sayensu a can a farkon 2019. Akwatin da ke kan allo caca ne, amma kakarsa ta kwali, wadda daga gare ta aka kwaikwayi dabarar, tana rataye kusa da alewa a kowane babban kanti daidai tsayin idon yaro.

Daga nan sai ungulaye suka sauka. A 2021 Logan Paul, mai shirye-shiryen YouTube, ya mallaki wani katin Pikachu a cinikin da ya kai dala miliyan 5.275, ya rataya shi a wuya ya shiga filin kokawa da shi a 2022. Saƙon ya isa kunnen duk wani mai neman kuɗin banza: kwalin yara ya zama hannun jari. A watan Mayun 2021 kantunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da katunan a cikin shagunansu, bayan rikici kan katuna a wurin ajiye motoci na wani reshensu a jihar Wisconsin ya kai ga wani ya zaro bindiga. A 2023 gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam ya shirya raba wani katin Pikachu don jawo yara su zo kallon zane. Manya suka yi wa wurin dirar mikiya, ana ture-ture, cikin 'yan makonni aka daina rabawa. Kamfanin Pokémon ya buga katuna biliyan 11.9 a shekarar kuɗinsa ta 2023 zuwa 2024, fiye da yawan mutanen duniya, amma a farkon 2025 yaro ya je kanti ya tarar babu, don ƙattai sun kwana a layi sun kwashe za su sayar ninki biyu a intanet. Wanda ya taɓa bin layin mai a gida ya ga 'yan bumburutu na sayar da galan a gefen gidan man da aka ce babu mai, ya san fuskar waɗannan mutane.

Mafi munin abin a wurina shi ne akwatin roba. Akwai kamfanonin da ake aika wa kati su duba shi da madubi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi ruf a cikin roba mai tauri. Daga ranar ba za a sake cakuɗa shi ba, ba za a ɗora shi a tebur ba, babu yaron da zai ƙirga shi a ka. An ɗauki abin da aka yi don mutum biyu su zauna fuska da fuska, an yi masa likkafani, ana cinikin gawar.

Mai shagonmu yana tsakiyar wannan guguwa. Idan sabon kaya ya zo yakan yanke ledar da ke kan kwalin a gaban mai saye, don 'yan sari ba sa son kwalin da aka buɗe. Ya sa doka mutum ɗaya kwali biyu. Yana ɓoye wasu a ƙarƙashin kanta don yaran da ke zuwa Asabar. Saboda wannan an zage shi a intanet, an ce yana nuna bambanci. Yana nunawa mana! Ya bambanta wanda ya san sunan dabbar da ke jikin katin da wanda farashinta kawai ya sani.

Kada kuma a ɗauka 'yan wasa duk waliyyai ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1995 Wizards ta sake buga wasu tsofaffin katuna da yawa don kowa ya samu, waɗanda suka riga suka tara su suka yi ta kururuwa cewa dukiyarsu ta faɗi, sai a 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba har abada. Alkawarin na nan, kuma ya rufe wa talaka ƙofar wasu nau'o'in gasar ruf. A watan Satumban 2024 wani ƙaramin kwamiti na 'yan sa-kai, masu kula da dokokin nau'in wasan da ake kira Commander, ya haramta katuna 4 don suna ɓata wasa. Wasu daga cikinsu ana sayar da su dala 100 ko fiye. Farashi ya rikito a dare ɗaya. Me ya biyo baya? Barazanar kisa. Cikin mako guda 'yan kwamitin suka ajiye aikin suka miƙa wa kamfani. Mutanen da suka rubuta waɗannan saƙonni suna kiran kansu 'yan wasa, amma kukan da suka yi kukan ɗan caca ne da aka kife masa faranti.

Akwai kuma wata gaskiya da masoya wasan ba sa son ji. A dara kowa da 'ya'yansa 12, a rami 30. Attajiri da almajiri tsinke ɗaya suke ɗauka. A nan aljihu na shiga wasa. A Magic musamman, damin da zai iya cin babbar gasa yana iya cin ɗaruruwan fam, kuma bayan 'yan shekaru a ce katunan sun tsufa a fitar da su daga tsari, ka sake saye. Pokémon ya fi sauƙi ta wannan fuska, don yakan buga kati ɗaya iri biyu: mai zanen ƙawa da ake sayarwa da tsada, da gama-gari mai arha, kuma a tebur aikinsu ɗaya. Wannan shi ya tona asirin. Kamfani na iya wadatar da 'yan wasa da katin da suke buƙata a kan kuɗin burodi duk ranar da ya ga dama. Tsadar ba daga sama ta faɗo ba, a ofis ake zama a tsara ta.

Za a ce mini kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babu wanda aka tilasta. Babba ya sani, ƙila. Ni da nake wannan dogon bayani, akwai wata Asabar da yarona ya ci wasa uku cikin huɗu a karon farko, farin ciki ya ɗebe ni na saya masa leda 2. Ba a sami komai ba. Na ce a ƙaro 2. Na ce a ƙaro 4. Sai da na ga kuɗin cefanen kwana uku sun zama tarin leda a kan kanta sannan na dawo hayyacina, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, don babu wanda ya kama mini hannu. Abin da ya firgita ni ba kuɗin ba ne. Fuskar yaron ce. A tebur fuskarsa ta mai tunani ce, gira a haɗe, numfashi a hankali. A gaban leda kuwa yana zare katunan da sauri ba ya ko karanta su, yana neman ƙyalli, yana gama ɗaya idonsa na kan ta gaba. Na san wannan fuska. Na gan ta a gida, a ƙofar shagunan cacar ƙwallo, a fuskar samari masu riƙe da doguwar takarda. In mutum mai shekara 44 ya zame haka cikin minti goma, me ake tsammani daga ɗan firamare?

Tun ranar muka yi doka: ba ma sayen leda. Katin da dami ke buƙata mukan saye shi tsirara, a gan shi, a san farashinsa, a biya, ko a yi musaya da wani yaro a gaban mai shago don kada a cuci kowa. Idan ya ci kyautar leda a gasa yakan roƙi a canza masa da katin da yake so. Kuɗin shiga kuwa, fam 5, kuɗin kujera ne da wuta da ɗumama ɗaki na awa huɗu, kuma ko ka ci ko ka faɗi kowa na tafiya da katin kyauta iri ɗaya.

Na san akwai rami a wannan matsayi nawa, kuma ba zan rufe shi da tabarma ba. Tebur ba ya biyan kuɗin haya. Kujeru ashirin na fam biyar-biyar ba za su riƙe shago a Ingila ba. Ledar ce ke riƙe shi. Katin da nake saye tsirara ma wani ne ya yage leda ya fito da shi. Wato wurin da ya ba ɗana abokai yana tsaye ne a kan cinikin da na ƙi. Wannan ne ma babban laifin kamfanonin a wurina: sun ɗaure abu mai kyau a ƙafar abu mara kyau, ta yadda mai shago nagari ba shi da zaɓi sai ya zama dillalin reful don ya samu ya kunna wa yara fitila ranar Asabar. Suna iya sayar da kowane kati a fili. Suna iya buga ainihin yiwuwar samun kowane kati a jikin kowace leda da manyan haruffa. Gwamnatocin da suka sa wa tikitin reful iyakar shekaru suna iya tambayar me ya sa wannan ba shi da ita. Ba a yi ba ne don rufaffiyar leda ta fi buɗaɗɗiya riba.

Amma in koma kan mutanenmu, don da su na fara. Mun ƙware wajen haramta abu dunƙule. Mu ji kalmar kati, mu rufe ƙofa, mu ce mun tsare yaro. Ina yaron ya tafi da aka rufe ƙofar? Ɗaki, da waya. A wayar akwai bidiyoyin yage leda da miliyoyi ke kallo, kuma ba sa neman biza kafin su isa Kano ko Maraɗi. Akwai manhajar Pokémon da ta fito a watan Oktoban 2024, wadda zuciyarta ita ce ka ja yatsa a allo ka yage leda kullum. Akwai wasannin ƙwallo da samarinmu ke bugawa har asuba, inda ake buɗe fakitin 'yan wasa da fatan a dace da gwarzo. A can babu tsohuwa mai gyara maka dami, babu alƙali, babu hannun da za ka miƙa wa wanda ya kayar da kai. Ledar ce zalla, an tace ta an zubar da teburin. Kuma yaran da muke hana shiga shagon kati suna yawo da rigunan ƙwallo masu ɗauke da sunayen kamfanonin caca ɓaro-ɓaro a ƙirji. Sai a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince za su cire su daga gaban riga bayan kakar 2025 zuwa 2026. Ban taɓa jin an tare uban kowa a ƙofar masallaci saboda riga ba.

Makonni uku bayan waccan Juma'a na ɗauki ƙafa na je gidan Alhaji, na gaishe shi, na ce ina roƙon alfarma ya zo ya gani da idonsa, in ya so ya yanke hukunci. Ya yi ta kawo uzuri, ƙarshe dai ya zo, da hularsa da carbinsa, ya tsaya bayan kujerar yarona wasa biyu cur bai ce uffan ba. Da aka kayar da yaron a na biyu, ya ga ya miƙe ya ba wani ƙato mai zane a hannu hannu, sai Alhaji ya sunkuya ya ce masa, "Kai, me ya sa ba ka fito da wancan jan ba tun ɗazu?" Yaron ya ce, "Baba Alhaji, yana cikin shidan da suka kife." Alhaji ya ce, "Af."

Muna fita ya ja birki a gaban kanta. Ya ɗaga kai yana kallon ledojin da ke rataye, masu ƙyalli, ya sa hannu a aljihu, ya ce da ni, "Malam, tambaye shi nawa ne waccan mai dodon a jiki? Jikana zai so ta."

Na riƙe masa hannun riga.